Rufin Shagon Alhaji Gimba

A duk layin 'yan albasa na kasuwar Ogbete ba a taɓa yin mai hangen nesa kamar Alhaji Gimba ba. Shi da kansa ya tabbatar da haka, kuma ya fi kowa sanin kansa. Sauran 'yan layin albasa kawai suke sayarwa. Shi kuwa dabaru yake tarawa, albasar ta gefe ce.

A wayarsa akwai wata manhaja ta tara hotuna. In ka ga hoton da ya burge ka, sai ka latsa ka liƙa shi a wani shafi da ake kira allo. Alhaji yana da allon takalma, da na ƙofofi, da na kujerun da zai zauna a kai ranar da 'yan Arewa mazauna Enugu suka gane darajarsa. Wata rana a ƙofar masallacin Coal Camp ya ce ya cika allo ya buɗe sabo. Wani tsoho ya riƙe hannunsa ya yi ta sa masa albarka, a zatonsa karatu Alhaji ya koma. Alhaji ya amsa da amin, bai gyara zancen ba. Tun daga nan ake ce masa Mai Alluna.

Allon da ya fi ji da shi shi ne na rufi. Kwanon shagonsa ya yi tsatsa, amma yana tare ruwa, in ban da kusurwar da ake tara bokiti. Wata safiya, rani na haramar tafiya, Alhaji ya dubi kwanon, ya dubi waya, ya ga abin kunya ne. Ya kira kafinta ya sa aka yaye shi kaf. Buhunan albasar da mota ta sauke masa daga Aliero suka zauna suna kallon sama.

Malam Auta mai busasshen barkono, maƙwabcinsa, ya leƙo. "Alhaji, sabon kwanon yana hanya ke nan?"

"Kwano?" Alhaji ya gyara zaman hula. "Malam Auta, duniya ta wuce kwano. Tsari ake yi tukuna. Matso ka ga ilimi."

Ya nuna masa rufin gilashi, da wani mai ciyawa a kai, da wani mai tsini da aka yi don dusar ƙanƙara ta riƙa zamewa.

"Madalla," in ji Malam Auta. "Kafin ƙanƙarar ta iso, ko a ja tamfol? Hadari ya fara haɗuwa ta wajen Obiagu."

"Na duba allon nan daga sama har ƙasa, ban ga tamfol ko ɗaya ba."

Ba a ce Alhaji bai yi aiki ba. Ya yi. Sai dai duk sa'ad da ya zaɓi rufi, sai manhajar ta kawo masa 'yan'uwansa da suka fi shi kyau, mai ido kuwa ba ya gaggawa. Kafinta ya gaji da zarya ya kama wani aiki. A gida matarsa Hajiya Zuliha ta ce, "Alhaji, albasar nan fa ita ce tuwon gidan nan har bayan damina." Alhaji ya ji tausayinta ƙwarai, ya buɗe mata allon tukwane.

Ruwan Enugu ba ya sallama. Ya sauko da azahar, Alhaji na gida yana raba hotunan rufi bisa launi. Washegari ya ƙara. Kwanaki kaɗan buhunan suka fara huda, koren tsiro ya leƙo ta ko'ina, na ƙasa kuma suka ruɓe, har masu kifi suka kawo ƙarar wari.

Madam Ngozi mai tumatir ta tsaya tana toshe hanci. "Alhaji, na farm you open?" in ji ta da Turancin kasuwa, wai ko gona ya buɗe.

"Lambun cikin shago ake ce masa," in ji Alhaji. "Ku ba ku yawo a waya, shi ya sa."

Don ya rufe mata baki, ya ɗauki hoton buhunan ya ɗora a manhajar. Ikon Allah, sai wayar ta kama ƙara. Mutanen da bai taɓa gani ba, daga ƙasashen da bai san sunansu ba, suna ta liƙa hotonsa a allunansu. Alhaji ya sa babbar riga ya zaga layin yana nunawa shago shago, ya ƙare a gaban Madam Ngozi, tunda ita ke karanta Turanci.

"Karanta musu sunan allon da aka sa ni. Da ƙarfi."

Ta karanta, ta dube shi, ta fassara da irin Hausarta: "Sun ce, yadda ba a ajiye albasa."

Alhaji ya yi gyaran murya.

"To, ai koyarwa ce. Dama na gaya muku duniya za ta koya daga wurina."

Ya mayar da wayar aljihu, ya matsa a hankali ƙarƙashin tsohon kwanon Malam Auta, don yayyafi ya fara.