Yadda Za Ka Yi wa Kamfani Kaf Ritaya, Ka Dawo da Su Kafin a Tashi

Ɗan'uwa mai gadin rumbun bayanai, jawo kujera. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan yadda na jera su, za ka sallami ma'aikatan kamfaninku gaba ɗaya, har da Oga, ka kuma maido da kowa kujerarsa ba tare da an ji ƙyas ba. An gwada, ta yi aiki. Wanda ya gwada yana nan da ransa, ya dai ɗan rame.

1. Karɓi aikin da raini

Hajiya ta ofishin ma'aikata za ta leƙo ta ce, "Ɗana, Baba Direba ya ajiye aiki. Don Allah ka mayar da shi mai ritaya a cikin abin nan naku."

Kada ka ɗago kai. Ce mata, "Hajiya, wannan ai ko ido rufe." Kowane ma'aikaci da layinsa a rumbun, kai kuma layi ɗaya tak za ka taɓa. Gwani ba ya duba layi ɗaya sau biyu, zubar da girma ne.

2. Rubuta BEGIN

Kalmar nan tana ce wa rumbun ne, "Duk abin da zan yi daga nan da fensir ne, kada ka bi da biro sai na ce." Rubuta ta ba da saninka ba. Yatsunka sun saba, kamar yadda ƙafarka ta san hanyar ɗakin cin abinci.

3. Manta da WHERE

Nan gwanintar take. WHERE ce ke nuna wa na'ura layin da ake nufi. In babu ita, na'ura ba ta tambaya, ba ta da kunya, kowa take nufi.

Ka gama rubuta umarnin ritayar, daidai za ka ƙara WHERE, Dogo na teburin gefe zai miƙo maka waya ya ce, "Kai, kalli ƙwallon nan!" Kalla. Danna maɓalli da hannun hagu.

Allon zai sanar da kai cewa layuka dubu biyu da ɗoriya sun canza. Sake karantawa in kana so. Lambar ba ta raguwa, an sha gwadawa.

4. Gyara fuska

Gumi zai keto maka duk da sanyin na'urar ofis. Dogo zai ce, "Lafiya kuwa?" Ce masa cikinka ne.

Leƙa ka ga aikin hannunka. Oga, wanda shekarunsa suka daina tafiya tun kafin a ɗauke ka aiki, ya yi ritaya. Hajiya ta yi. Yarinyar da aka ɗauka kwanan nan, ko katin shaida ba a buga mata ba, ita ma ta huta. Kai ma kana ciki. Aƙalla ba za a ce ka yi son kai ba.

5. Ɗora wa netwok

Tunda layukan duka suna hannunka, duk mai son gyara wani abu sai ya jira ka saki. Wayarka za ta yi ƙara.

"Ɗana, abin nan sai juyi yake, ya ƙi shiga."

"Netwok ne, Hajiya."

Faɗe ta da natsuwa. Netwok bai taɓa zuwa ya kare kansa ba.

6. Je ka yi ban kwana

Yanzu tsoro zai share maka mataki na biyu daga kai. Sai kuma a ce Oga na kira. A kan matakala tuna da matarka da yaranka, tuna da surukinka da ya ce tun ranar farko danna kwamfuta ba sana'a ba ce. Yanke shawara: tunda tafiya ta zo, da ƙirji a buɗe za ka tafi.

Oga zai ce, "Yauwa, zauna. Ina so ne…"

Katse shi. "Yallaɓai, kafin ka kore ni, bari ka ji abin da ba wanda zai faɗa maka. Taron nan naka na kullum safe, wallahi ba mai saurare. Dogo barci yake da ido buɗe. Hajiya tunanin cefane take. Ni kuwa fanka nake kallo, ita ce kaɗai ke aiki a ɗakin."

Oga zai cire tabarau, ya goge shi a hankali da gefen riga, ya mayar.

"Firinta na kira ka ka duba mini."

Kada ka suma a nan, kafet ɗinsa sabo ne. Ce za ka ɗauko kayan aiki, ka fita da baya.

7. Rubuta ROLLBACK

Koma teburinka don haɗa komatsai. Kana naɗe cajar waya idonka zai faɗa saman allo, ka ga BEGIN zaune tana jiranka. Ashe duk ɓarnar da fensir ce.

Yi bisimilla. Kula, akwai wata kalma, COMMIT, ita ce biron. In yatsanka ya kai gare ta a wannan hali, to ritayar ta tabbata. Rubuta ROLLBACK, mai goge aikin fensir, harafi bayan harafi.

Danna. Kafin ka sauke numfashi kowa ya dawo bakin aiki, ba wanda ya san ya tafi. Hajiya za ta kira: "Ya dawo! Allah ya yi maka albarka."

"Amin, Hajiya. Na ɗan taɓa shi ne."

Sai ka sallami Baba Direba shi kaɗai, da WHERE ɗinsa, ka rufe da COMMIT. Bawan Allah, ya yi ritaya sau biyu a wuni ɗaya.

8. Nemi ROLLBACK na baki

Babu. Masana sun bincika. Je ka gyara firintar, takarda ce ta maƙale.

Oga ba zai kore ka ba, korar ta yi maka sauƙi. Washegari a wajen taro zai yi gyaran murya ya ce, "Tunda Allah ya ba mu mai lura da taro haka, daga yau shi zai riƙa rubuta mana duk abin da aka faɗa, kalma da kalma. Taso ka zauna kusa da ni. Dogo, buɗe idon da kyau. Hajiya, an gama cefanen?"

Su biyun za su juyo su dube ka. Sunkuyar da kai ka fara rubutu. An mayar da kujerarka inda ba a hango fanka.

Gargaɗi

Mai wannan darasi ba ruwansa da abin da ya biyo baya. Duk wanda ya tsallake mataki na biyu ya tsinci kansa a bakin titi da kwali a hannu, ban san shi ba, ban taɓa ganinsa ba. Kada ya kira ni, kada matarsa ta kira ni. Surukinsa kuwa, a gaya masa ya yi gaskiya.