Zabuwa, Mobilet ɗin Latifa, Ta Rasu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ta cika har ta daina jin komai, ni Tawfiƙ ɗan Malam Isiyaku, a madadin iyalan gidanmu da ke Zongo a nan Wagadugu, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Zabuwa, ƙaramar mobilet, wato ɗan babur ɗin 'yata Latifa. Ta cika ranar Lahadin da ta wuce da hantsi, a tsakiyar filin tseren yara, Latifa na kanta. Yarinyar ba ta ji ciwo ba, alhamdu lillahi. Na fara da wannan ne don kada wani ya bar aikinsa ya taho a guje.

Wanda ya san ni ya san sana'ata. A wata maɗaba'a nake aiki a Bilbalogho, kuma rabin abin da muke bugawa katin mutuwa ne. Shekara da shekaru ina jera wa mutane kalmomin nan har hannuna ya saba da su. Da na zauna in faɗi abin da ya same mu, na duba ban sami wasu ba sai su. A yi mini haƙuri. Na san ƙarfe ba shi da rai, mahaifina ma ya tuna mini.

Marigayiyar ta girmi aurena. Ta yi ƙuruciyarta wajen wata mai sayar da kayan miya a Paspanga, tana dakon tumatir da kabeji, har ta tsufa aka jingine ta bayan ɗaki kaji na kwana a kanta. A nan na same ta. Rasmane, makaniken da ke ƙarshen layinmu, ya rage mata tsawo, ya cire mata duk abin da ba dole ba, ya yi mata baƙin fenti. Fentin bai bushe ba maƙwabcinsa ya tashi yi wa shago farar ƙasa, sai ta fito da ɗigo-ɗigon fari tun daga kai har wutsiya. Latifa ta kalle ta ta ce Zabuwa, sunan kuwa ya zauna.

Ga waɗanda ba su taɓa zuwa filin ba, wasu iyaye ne suka haɗa ƙungiya, ana rufe musu wani miƙaƙƙen titi a bayan gari ranar Lahadi. Yara biyu-biyu ake jerawa, kowa da hular kwano, uba ko uwa na tsaye a baya riƙe da sirdi. A sauke tuta, ka saki, su miƙe. Babu kwana, babu zagaye, kafin ka gama karanta Ƙulhuwallahu an gama. Duk wanda ya kai shekara goma sha uku ya fita daga sahun yara. Latifa ta shiga tana da tara, bana ce shekararta ta ƙarshe.

Mun shaidi Zabuwa da haƙuri da ƙanƙan da kai. Ba ta da ci. Melanj take sha, wato esansi, fetur ke nan, da aka gauraya da ɗan man inji, kuma kaɗan ke isarta. Ba ta taɓa tashi a bugun farko ba, sai an lallashe ta. Takan fara da "fat… fat… fat-fat-fat," kamar mai gyaran murya, in ta kama kuma sai "ƙiiiiii," har matan gida su toshe kunne. Ba ita ce mafi gudu ba, akwai 'ya'yan masu hali da sababbin injuna. Amma tana da saurin tashi daga layi, Latifa kuma ba ta kallon kowa sai mai tuta, don haka sun sha kawo kofi gida. Ni ne mai riƙe sirdi. Abin da nake ji a tafin hannuna lokacin sakin nan, ban taɓa jin sa a wani wuri ba.

Ba kowa ne ya nuna mata ƙauna ba a rayuwarta. Mahaifina Malam Isiyaku, wanda rabin Zongo suka yi karatu a zaurensa, bai taɓa kiran sunanta ba. "Wancan abin" yake cewa. Tun farko ya gaya mini ra'ayinsa sau ɗaya tak: "Tawfiƙ, jikar malam a kan ƙarfe tana gudu gaban jama'a. 'Yarka ce. Ni dai ban sa hannu ba." Bai hana ba, bai sake magana ba, bai kuma taɓa taka filin ba. Latifa kuwa, duk gudun nan shi take yi wa. Ranar da ta ci, sai ta kai kofin zaure ta ajiye gefen buzunsa ta ce, "Yaaba, na zo ta ɗaya." Yaaba take ce masa, yadda dangin uwarta Zenabu, Mosawa, ke kiran kaka. Shi kuma sai ya ce, "Ina kika tsaya a hadda?" Ta karanta, ya gyara mata, ta ɗauki kofinta ta fita.

Rashin lafiyar ta fara ne bayan wata faɗuwa da suka yi a ƙarshen damina. Tsakuwa ce ta kwashe tayar gaba. Latifa ta goge gwiwar hannu, aka ɗaure, muka dawo gida, muka yi shawara da Zenabu kada a gaya wa Malam. Ba a jima ba Zabuwa ta fara tari: "fat-fat… huk." Muka canza buji, wato fulogi. Muka wanke karbireta, muka sami ruwa a ciki. Na zargi mai sayar mana da esansi a kwalba, har na daina gaishe shi, na koma gidan mai. Ruwa bai daina ba. Na zargi raɓa, na sayi tamfol na lulluɓe ta a inda take kwana, bayan ƙofar zaure. Ta sami sauƙi kwana biyu, ta koma, har ta fi da. Kullum ruwan baƙi-baƙi yake fitowa, muka ce dattin tsohon tanki ne.

Ranar Lahadin, tseren rufe shekara ne. Da ƙyar ta tashi, amma ta tashi, ta kuma kai Latifa har karon ƙarshe, ita da wani yaro mai jan inji. Tuta ta sauka, na saki. Suna gaba. Sai a tsakiyar titi na ji "ƙiiii… ƙarrr… kak." Kalamanta na ƙarshe ke nan. Ta gangara kaɗan ta tsaya, Latifa ta sauke ƙafafu, amma ba ta sauka ba. Na taka na je. Ban yi gudu ba, har yanzu ban san dalili ba. Ta ɗaga gilashin hular ta ce, "Papa, ni na kashe ta. Na san tana tari, amma na matse ta à fond, har ƙarshe." Na ce ba haka ba ne. Ba ta ji ni ba, ni ma a lokacin ban san ko haka ne ba.

Tun ranar ta daina cin abinci sai an tsaya a kanta. Tana zuwa lakwal, wato makarantar boko, tana dawowa, amma ta ƙofar baya take shiga don kada ta ga gawar. Ta ce wa uwarta Yaaba ya yi gaskiya tun farko, ita ce mai taurin kai. Tseren ya wuce, ba ya dawowa, wannan na haƙura da shi. Abin da na kasa haƙura da shi shi ne yarinya 'yar shekara goma sha biyu tana yawo da alhakin kisa a wuyanta.

Rasmane ya zo gida ya buɗe injin a tsakar gida. Ciki duk tsatsa ne, da wani baƙin abu mai danƙo.

"Tawfiƙ, wannan ba ruwan sama ba ne," in ji shi. "Ruwan sama ba ya kama yatsa. Wani na zuba mata wani abu. Kana da maƙiyi?"

Ya juye abin da ya rage a tanki cikin kwalba. Mai ya hau sama, baƙin ruwa ya kwanta ƙasa. Na taɓa, na murza, na shinshina. Ƙarƙashin warin esansi akwai wani ƙamshi da na sani tun ina rarrafe, na gawayi da ƙaro. Tawada ce. Na girma ina wanke allo a gidan nan, ba sai an gaya mini ba. Na ce wa Rasmane ba ni da maƙiyi.

Bayan azahar, da zaure ya yi shiru, na ajiye kwalbar gaban Malam na zauna ƙasa.

"Baba, rubutu ne?"

"Ayoyin tsari ne," ya ce. "Kaɗan-kaɗan, ranar Juma'a da asuba, in kun koma ciki."

"Me ya sa ba ka ba ta ta sha ba?"

"In na ba ta, na sa hannu ke nan." Ya gyara zama. "Kuma ai ba ita ke gudu ba, wancan abin ne ke ɗauke da ita. Na ga inda kuke ba shi abin sha. Da ya fara tari sai na mai da shi kullum."

Na gaya masa a hankali cewa injin nan da mai yake rayuwa, ruwa kuwa ko wane iri ne tsatsa yake sa masa. Ayoyin ba su da laifi, yarinyar ma ga ta nan ko ƙwarzane ba ta sake yi ba. Ban yi fushi ba. Na nemi fushin ban same shi ba, na nemi dariya, ita ma babu.

"Yarinyar ta sani?"

"A'a, Baba. Cewa take ita ta kashe ta."

Na ce zan gaya mata tsufa ne, Rasmane zai goyi bayana, magana ta tsaya tsakaninmu. Nufina in rufa masa asiri. Dattijon da ake tasowa tun daga unguwar Peuloghin a yi wa tambaya, ban so ya zama hirar majalisar shayi ba.

"Za ta yarda?" ya ce.

Na ce ba za ta yarda ba.

"To kira mini ita."

Ta shigo ta durƙusa nesa kaɗan, bayanta na ga tamfol ɗin. Ya nuna mata kwalbar ya ce, "Latifa, ba ke ba ce. Ni ne." Ya faɗi komai, bai rage ko ɗaya ba.

"Tun yaushe, Yaaba?"

"Tun da kika faɗi."

"Ai ba a gaya maka ba."

"Na ga rigar a kan igiya. Jini ba ya fita a wanki ɗaya."

Ta kalli kwalbar, ta kalle shi. Can ta ce, "Donc tsoro kake ji ke nan."

"Duk Lahadi," ya ce.

Ba ta yi kuka ba, shi ma haka. Da magariba ta ci tuwo har ta nemi ƙari. Ni kuwa washegari na koma maɗaba'a na ƙarasa katin wani tsohon ɗan kasuwa. Malam ne ya ce in rubuta dalilin mutuwar a sanarwar nan yadda yake, kada in ce gajeriyar rashin lafiya kamar yadda nake rubuta wa mutane. Ya kuma ce in je in gaishe da mai esansin kwalba, na je.

Marigayiyar ta bar tayoyi biyu, ta gaba da sauran ƙarfinta. Ta bar hular kwano da ta fara matse mai ita, da kofunan da ke saman kabad ɗin Zenabu, da sabon tamfol da aka saya a banza. Ta bar Rasmane, wanda tun da ya ji labarin yake buɗe baki zai yi magana sai ya rufe, don shi ma 'ya'yansa a zauren Malam suke karatu. Ta bar ni da ranar Lahadi, ban san me zan yi da ita ba. Ba ta bar magaji ba. Sahun manya babban inji yake so, wannan kuwa ba maganar bana ba ce.

Za a yi rakiya ranar Alhamis bayan la'asar, in Allah ya kai mu. Babu wanka, babu salla, Malam ya ja kunne a kan wannan. Ruwan kwalbar ba za a zubar da shi a kwata ba saboda abin da ke cikinsa. An tsiyaye man, ruwan kuma za a zuba shi a gindin darbejiyar tsakar gida, inda ƙafa ba ta takawa. Tankin ma ba za a sayar wa masu tsohon ƙarfe ba, a gida zai zauna. Sauran gawar za a kai garejin Rasmane ya raba wa yaran ƙungiya abin da ke da amfani. Ba a karɓar gaisuwa a gida, wanda ya gan mu a hanya ya isa.

Rasmane ya yi tayin kawo amalanke, Malam ya ce a'a. Latifa za ta hau, ta sa hularta, ta riƙe kai. Shi zai riƙe sirdi ya tura, daga ƙofar zaure, ta gaban masallaci, har gareji. Ana roƙon masu rakiya su biyo a baya, kuma in ya tsaya kada kowa ya karɓe shi, gwiwarsa ce, zai huta ya ci gaba. Na ce masa ya bari ni in tura, na saba. Ya ce ni na yi shekaru ina kallonta a kai, shi ko sau ɗaya bai gani ba.