Ranar da Na Kafa Hujja da Ƙaryata

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na miƙe gaban dattawa ina karanta musu labarin ɓarayi da murya irin ta mai labaran rediyo ba. Ina jin haushin kaina, wannan ba musu, amma wallahi ina jin haushin wannan kundin ilimi na intanet da kowa ke iya shiga ya rubuta abin da ya ga dama.

Rukayya 'yar yayana ce, Yaya Sani, gidanmu ɗaya a Tudun Wada. Ta kawo wanda take so, Nura, ɗan wani Alhaji Bala mai shagon kayan babur a Hanwa. Kun san yadda ake yi: kafin a amsa wa dangin yaro sai an tura mutum bincike. Ya je unguwarsu, ya yi salla a masallacinsu, ya gaisa da mai unguwa, ya ɗan bugi cikin maƙwabta. Yaya Sani ya ɗora mini wannan aiki, wai ni ne ɗan bokon gida (ina koyarwa a wata sakandare, kuma ban taɓa barin kowa ya manta da haka ba).

Ni kuwa na ce a raina, wa zai tsaya sauraron gulmar maƙwabta a wannan zamani? Hanwar da keke ɗaya zai kai ni, ban taka ta ba. Na miƙe ƙafa a kujera na buga sunan Alhaji Bala a waya. Sai ga wani shafi na kundin nan a kan satar babura a Zariya, an tsara shi tsaf, da kanun magana da komai. Can tsakiya na ci karo da wannan: "An ruwaito cewa ana kwance baburan sata a sayar da sassansu a shagon wani Alhaji Bala da ke Hanwa." A ƙarshen jimlar ga 'yar ƙaramar lambar nan mai nuna inda aka samo magana. Da ganin lambar na ce shi ke nan, akwai madogara. Ban taɓa ta ba.

Mai hankali zai ja yayansa gefe ya nuna masa. Ni ina, so nake a ga aikina.

Ranar Asabar ɗin bayan la'asar baffannin Nura suka iso su uku, da goro da alawa, aka shimfiɗa musu darduma a falon Yaya. Babbansu Malam Isiyaku ne, ƙanin Alhaji Bala, tsohon hedimasta mai magana a hankali. Aka gaisa, aka yi addu'a. Yaya ya dube ni ya ce, "To, kai muke jira. Lafiya dai ko?"

Na gyara murya, na miƙe tsaye (har yau ban san wa ya ce in miƙe ba), na karanta jimlar nan. Na sake karantawa, ko akwai wanda bai ji ba. Yaya Sani ya kafe ni da ido kamar bai taɓa ganina ba.

Malam Isiyaku ya ce, "Malam, wa ya ruwaito?"

Na ce, "Baba, kundin ilimi ne na duniya fa. Ba hirar teburin mai shayi ba ce."

"Madalla. To, taɓa mana 'yar lambar nan mu gani."

Na taɓa, ina ma ɗan murmushi. Ta kai ni wani shafin labarai da ban taɓa jin sunansa ba, duk tallan maganin basir ya cika shi. Labarin layi biyar ne. Ya ce, "kamar yadda wani mazaunin Tudun Wada ya bayyana a shafinsa na sada zumunta." A ƙasa ga hoton rubutun mazaunin, ga sunansa, ga fuskarsa cikin hular salla, yana washe baki.

Ni ne.

Shekara uku kafin nan na fito daga kasuwa ban ga babur ɗina ba. Ina cikin zafin rai wani a majalisa ya ce ai duk baburan sata shagon wani Alhaji Bala suke ƙarewa. Ban san Alhajin ba, ban san shagon ba, na zauna na zazzaga rubutu, har da "majiya mai tushe". Bayan kwana biyu na samu babur ɗina a hannun masu kula da hanya, sun ɗauke shi ne don na ajiye inda aka hana. Na karɓo abina, na manta da rubutun, har sunan ma ya fice mini.

Malam Isiyaku bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mun daɗe da sanin wannan hoto. Tun da Nura ya faɗi gidan da yake nema muka gane. Yayana ya ce a bar maganar saboda yaran, kada wanda ya tayar. To, ga shi ka tayar da kanka." Suka miƙe, suka ɗauki goronsu.

Abin da Yaya ya faɗa mini ba na rubutawa ba ne. Rukayya kuwa ba ta yi kuka a gabana ba. Ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Baffa, ashe ko Hanwar ma ba ka je ba?"

Washegari na je, a ƙarshe dai. Alhaji Bala yana kan benci yana jera fulogin babur a kwali. Ya saurare ni har na gama inda-inda. Ya ce ya yafe, amma in san cewa 'yan acaɓa da yawa sun daina tsayawa shagonsa tun lokacin, kuma an taɓa jefa wa 'yarsa maganar a makaranta. Batun aure, ya ce a dakata har ranar da sunansa ya fita daga wancan shafi.

Na goge rubutuna. Na wallafa neman gafara. Na buɗe kundin na share jimlar da hannuna. Kafin magariba wani ya mayar da ita, har da gargaɗi: "Kada a cire bayanin da ke da madogara." Na rubuta masa cewa ni ne madogarar, kuma ƙarya na yi. Ya amsa cikin ladabi cewa maganata kaɗai ba hujja ba ce, sai in kawo inda aka buga. Jama'a, ku ji fa. Da na yi ƙarya cikin fushi an karɓa ba tambaya, yau da na zo da gaskiya an ce in kawo shaida. Shafin maganin basir kuwa sau huɗu na tura musu saƙo, ko gezau.

Wata na biyar ke nan. Rukayya tana gaishe ni kullum da safe, cikin ladabi, ba ta ƙara ko kalma ɗaya. Na dai koyi darasi: kafin in yarda da abin da aka rubuta a kan mutum, sai na bi sawu na ga wane sakarai ne ya fara faɗa, don wani lokacin shi ne wanda nake gani a madubi.