Injiniyan Ruwa a Cikin Taɓo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara zuwa gaida surukina ba. Ko na so in manta, 'yan gidan ba za su bari ba.

Lokacin shekarata biyu a Jidda, ina aikin injiniya a wani kamfani mai gina magudanan ruwa. Sa'adiyya, wadda nake nema, ma'aikaciyar asibiti ce, tana zaune wurin yayarta a unguwar Madain Fahd. Mahaifinta, Ammu Idirisu (wato Baffa Idirisu), Bahaushen Sudan ne, yana kula da gonar kankana a wani ɗan ƙauye kudu da Jidda, fili fetal, gidajen ba su kai ashirin ba. Ta riga ni tafiya ƙauyen, bayan ta ja mini kunne cewa tsohon ba ya son mai yawan magana.

Farkon watan Maris ne, sanyi bai gama tafiya ba, zafi bai gama zuwa ba. Na fito da safe ina rawar ɗari, amma kafin in isa gumi ya jiƙa wuyan farar jallabiyar da na saya a kasuwar Bab Makka musamman don ranar. Na sami wani ɗan kwari mai inuwa, na ajiye mota.

Bayan gaisuwa da shayi, tsohon ya dubi gabas ya ce gara in hau da motar tudu, ruwa na tafe. Sama kuwa tas, rana na dukan ƙasa. A nan ya kamata in ce to in tashi. Ina! Sai na zaro waya na nuna masa hoton rana a hasashen yanayi, na shiga yi masa bayanin tauraron ɗan'adam, har da ƙarawa da cewa harkar ruwa ita ce sana'ata (yanzu ma da nake rubuta wannan sai da na rufe fuska).

"Halas, ya waladi," in ji shi da Larabci, wato shi ke nan, ɗana. "Kai ka yi karatun."

Ba a yi awa guda ba iska ta juya, sanyi ya dawo, gabas ta yi baƙi ƙirin. Ruwa ya tsuge. Na leƙa na ga kwarin nan ya zama rafi, har ya kai rabin taya. Na tattare jallabiya na zuba da gudu. Takalmina na dama ya maƙale a taɓo, na juya ɗauko shi, santsi ya kwashe ni, na kife rub da ciki. Da na ɗago, matan gidan na tsaye a bakin ƙofa, har da Sa'adiyya da mahaifiyarta, kowacce ta toshe baki da mayafi.

Taraktar maƙwabci ce ta jawo motar. Ni kuma aka ba ni aron jallabiyar Ammu. Shi gajere ne, ni dogo, don haka a gwiwa ta tsaya mini. Haka na zauna gabansa ina jan ta ƙasa, na riga na fidda rai da Sa'adiyya. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ka fi ni gaskiya. Na yi rashin kunya, a yi mini afuwa."

Ya yi dariya har da share hawaye. Ya ce wata biyu ke nan suna roƙon wannan ruwa, shuka ta fara yaushi, don haka yau ba ranar fushi ba ce. Kafin la'asar rana ta sake fitowa kamar ba ita ba. Ya ja ni bayan gida ya nuna mini inda ruwa ke shigar masa ɗakin ajiya, ya miƙo mini shebur.

"Tunda sana'arka ce, bismilla. In ka gama, ka turo manyanka."

Na haƙa lambatun nan da duk ƙarfina, kuma har yau yana aiki. 'Ya'yanmu uku yanzu.

Abin da na koya: in manomi ya ɗaga kai ya dubi sama, mayar da wayarka aljihu ka nemi makullin mota.