Shakundum a Kasuwar Raguna

Ka taɓa jin kalmar shakundum? Ni sai a jami'a na tsince ta: sani ne da ya haɗe komai, bai bar ko ɓurɓushi ba. Da na dawo gida na yi subutar baki na faɗe ta a majalisarmu. Abokinmu Jatau ya cafke, ya mayar da ita sunansa.

Jatau kuwa, ko sauro ya yi kuka sai ya fassara. "Ni ne Shakundum! Ilimin sama a aljihun dama, na ƙasa a na hagu."

Ana gab da Sallar layya, Alhaji Mamuda, wanda Jatau ke neman 'yarsa Hansatu, ya ce ya raka shi kasuwa ya zaɓar masa rago. Dama Alhaji bai gama yarda da shi ba. Ga ranar gwaji.

Dillali ya jawo wani ƙato. Jatau ya naɗe hannun riga, ya wage bakin rago, ya ja da baya.

"Subhanallahi! Baba, ba haƙoran sama a gaba! Mai naƙasa ne, bai yi layya ba."

Dillali ya ce, "Malam, ai haka..."

"Rufe mana baki! Da Shakundum kake magana."

Aka kawo wani. Dasashi fayau. Wani kuma, haka. Jatau ya bi kasuwa yana wage bakuna, gumi sharkaf, yana shela: "Jama'a, annoba ta shigo! Bana ba mai layya!"

Kasuwa ta ɗauka da dariya, har da masu riƙe ciki. Ko mai sayar da igiya ya san haka Allah ya halicci tumaki.

Ƙaton farko dai bai huce ba. Jatau ya sunkuya zai sake nuna wa Alhaji hujja, rago ya ja baya, ya auna. Gwaf! Haƙoran Jatau biyu na sama suka yi tsalle cikin turɓaya.

Alhaji ya leƙa bakinsa a tsanake, ya girgiza kai.

"Da fatawarka zan yi aiki, Shakundum. Mai irin wannan baki ba ya shiga gidana. Dillali, ɗaure min ragon, shi na yafe masa."

Don Allah in ka haɗu da Jatau, gaishe shi kawai. Kada ka miƙa masa rake.