Yadda Na Jeme Jakin Dawa a Bronx

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da guguwar nan ta zo kwana uku bayan Babbar Sallah, ta cika ramukan jirgin ƙasa da ruwa, ta bar rabin Manhattan, tsakiyar birnin New York, babu wuta. Kowa da shekarar guguwa yake tuna ta. A gidanmu kuwa, maiɗakina Hajiya Rabi shekarar jaki take kiranta, kuma in za ta faɗa ba ta ko dubana, don ta san ina ji.

A lokacin ina tuƙa wani likitan haƙori, Bature dattijo, mai gida a kan tudun St. George. Kullum bayan sallar asuba in fito daga unguwarmu Morrisania a Bronx, in hau jirgin ƙasa, in shiga feri in haye ruwa, in ɗauko motarsa in kai shi wurin aiki. Shekara bakwai muna tare, kuma da aikin nan nake ciyar da gida biyu, na nan da na Kumasi. Mutumin kirki ne. Ran Juma'a shi yake duba agogo ya ce, “Malam, tafi kada ka rasa huɗuba.” Aibinsa ɗaya, farauta. Duk bayan shekara biyu sai ya tafi kudancin Afirka ya harbo dabba, ba don nama ba, don bango. Falonsa cike yake da kawunan ɓauna da barewa da gada, kowanne da idon gilashi. (Ni dai a gareji nake shimfiɗa dardumata, inda babu mai zuba mini ido.)

Wata safiya muna cikin cunkoson motoci sai Dokta ya ajiye wayarsa ya yi tsaki. Ya ce masu gyara masa fatu a can ƙasar, waɗanda ke mayar da mushe kamar mai rai, sun sake ƙara kuɗi. Ga kuɗin aiki, ga na akwati, ga na jirgi, ga na takardu, har gyaran dabba ya kusa fin farautarta tsada. Don haka a wannan karon ya yi fushi, ya sa an turo masa fatar jakin dawan da ya harba a bushe da gishirinta, da niyyar a gyara a nan. Ashe na nan sun fi su tsada, kuma sai an yi shekara ana jiran layi.

“Ba wani abu nake so ba,” in ji shi. “Shimfiɗa kawai, a gaban murhu. Wata tara ke nan tana cikin akwati.”

Da na yi shiru, da yau ba ni da labari. Amma sai na ji bakina yana cewa, “Dokta, ai mu majema ne. Fatar da kakannina suka jeme a Kano har ƙasashen Larabawa ake kai ta a raƙumi. Tun ina yaro nake wannan aiki.”

Farkon maganar gaskiya ne, dangin mahaifiyata majema ne. Ƙarshenta kuwa, Allah Ya yafe mini. Ni a Zangon Kumasi aka haife ni, da allo da alƙalami na tashi. Iyakar jimar da na sani ita ce idan an kai mu Kano ziyara, in wuce ta ƙofar majema ina toshe hanci. Ba kuɗi na hango ba, wallahi. So nake Bature ya san mu ma muna da abin da muka gada.

Ran nan da yamma na shiga feri da ƙirgin jaki a kafaɗa, a naɗe cikin bargo, a sandare kamar ƙyauren ƙofa. Hajiya ta buɗe bargon ta daɗe tana kallo. Abin sha'awa ne kam, zane baƙi da fari kamar an ja shi da alƙalami, babu inda ya kauce.

“Malam, yaushe ka zama majemi?”

“Abu ne na jini.”

“Jinin da ko fatar ragon layya ba ya iya shanyawa? Bara ni na ba mai shara ita.”

Na ce ta zuba ido. Washegari na sayi katin waya na kira Kawu Sale a Kano, ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi shekara hamsin hannunsa cikin ruwan bagaruwa. Kunya ta hana ni ce masa fatar jaki ce. Na ce wata babbar fata ce, kamar ta maraƙi, ina so in jeme ta. Ya yi murna ƙwarai.

“Ɗan Binta, ashe za ka dawo gida. Ɗauko takarda.”

Na juya wata ambulan na shiga rubutawa da ajami. A jiƙa ta kwana biyu gishiri ya fita. A samo toka mai ƙarfi, da kashin tattabara, da bagaruwa, da man gyaɗa. A dama tokar da ruwa a nitsa fatar a ciki kwana uku. Yana kawowa nan baturiyar cikin katin ta ce saura minti ɗaya. Kawu ya ce, “Yi wannan tukuna, ran na ukun ka kira ni.”

Bagaruwa a shagon wata 'yar Nijar na samu. Toka kuwa wani mai gasa nama a unguwar Harlem ya tara mini buhu guda. Kashin tattabara shi ne bai ba ni wahalar nema ba, don duk duniya ban ga garin da Allah Ya hore wa shi kamar New York ba. Na je ƙarƙashin gadar jirgi da cokali da leda na durƙusa ina kankara. Ina cikin haka wani Alhaji da muke sahu ɗaya a masallaci ya tsaya a kaina.

“Malam, lafiya dai?”

“Magani ne.”

“Allah Ya sawwaƙe,” in ji shi, ya ja da baya kaɗan. (Har yau in mun gaisa, da yatsu biyu yake ba ni hannu.)

Bahon wankanmu shi ya zama majema. Kwana biyar mutanen gidan da bokiti suke wanka a tsaye kusa da jaki. A tsakanin nan Dokta ya shaida mini cewa ya gayyaci abokan farautarsa cin abincin rana nan da mako uku, su ga aikin gargajiya na Afirka, wanda ba a biya kowa kuɗin jirgi ba. Na ce masa Allah Ya kai mu.

Ran na uku da nitsa ta a toka, bayan sallar walha, na naɗe hannun riga na yi bisimilla na shafa bayan jakin. Sai zane guda ya biyo tafin hannuna. Na sake shafawa a hankali, wai ko zan mayar da shi. Wani ma ya biyo. Na ɗaga fatar, gashin ya sulale cikin ruwa kamar an zare riga. Abin da ya rage a hannuna wata fata ce baƙi-baƙi, sumul, wadda ko uwar jakin ba za ta shaida ba.

Da gudu na sauko bene na sayo kati.

“Kawu, gashin ya zube duka.”

“Alhamdu lillahi. Tokarku ta can tana da kyau. Ko ni sai na sa wuƙa nake kankarewa.”

“Kawu, gashin ake so. Don gashin aka harbi dabbar.”

Sai Kawu ya yi salati.

“To, buzu kake so ka yi? Wa ke sa buzu a toka? Ka ce mini jima. Wace irin dabba ce ma?”

Na faɗa masa. Na ji ya janye wayar daga bakinsa yana kiran mutane. “Ku zo ku ji, ɗan Binta ya tsallake teku ya je yana yi wa jaki aski.” Da ya gama dariyarsa ya ce abin da ya zube ya zube, amma kada in haɗa wa mutum asara biyu, in ƙarasa aikin yadda ya kamata.

Na ƙarasa. Kashin tattabara ya yi aikinsa (maƙwabta sun kira mai kula da bene sau biyu, suna zaton wani ya rasu a ɗaki), bagaruwa ta yi nata, na murza man gyaɗa har kafaɗata ta riƙe. Gashin kuwa na tace shi da rariyar Hajiya, na wanke, na shanya, na zuba a leda, don amanar mutum ce. Kullum Dokta zai tambaye ni daga kujerar baya, “Ya jakina?” In ce, “Yana samun sauƙi.” Sau ashirin na shirya faɗa masa gaskiya, sau ashirin ina ganin fuskarsa a madubi in haɗiye.

Hajiya ta ce, “Ga tawada ga alƙalami, kai da ka iya zayyana. Zana masa mana.”

Gaskiyar magana, sai da na yi tunanin hakan kafin ita.

Ranar taro na sa farar riga da hula. Maza shida na samu a falo, duk masu farin gashi, kawunan bango na kallonmu. Dokta ya tsayar da ni a tsakiya ya yi jawabi. Ya ce wannan mutumin zuriyarsa sun fi shekara ɗari biyar suna wannan sana'a, kuma daga yau babu wanda zai sake tatsar su a ƙasar waje. Aka tafa. Na durƙusa gaban murhu na warware bargon.

Wani dogo ya sunkuya ya taɓa ta ya ce, “Laushi kam akwai. Saniya ce?”

Dokta ya zagaya ta sau ɗaya. Ya ɗaga gefe ya leƙa ƙasa, ko na kife ta ne.

“Malam, ina zanen?”

Na sa hannu a aljihu na fito da ledar, na miƙa masa da hannu biyu.

“Ga shi nan, Dokta. Ko ƙwaya ɗaya ban zubar ba.”

Dogon nan ne ya fara. Ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki, sauran suka bi, har wani ya fita waje yana tari. Dokta kaɗai bai yi dariya ba. Yana tsaye da leda a hannu, kunnuwansa sun yi ja.

Ran Litinin na isa da makullin mota a tafin hannu, na riga na gaya wa Hajiya ta fara rage cefane. Dokta ya shiga baya ya zauna bai karɓa ba.

“Fata nawa ka taɓa jemewa a rayuwarka?”

“Da wannan, ɗaya.”

Sannan ya ce kwana shida ya yi yana bin dabbar nan a ƙafa, da gwiwarsa mai ciwo. Ya ce mutum ba don ya taka fata yake shimfiɗa ta ba, sai don baƙo ya tambaya shi kuma ya ba da labari. “Ka cinye mini labarina. Saboda haka duk wanda ya shiga motar nan, kai za ka ba shi naka, da bakinka, kuma ba ka tsallake wurin tattabaru.”

Haka aka yi. Shekara huɗu ina biya. Na ba likitoci, na ba surukansa, na ba wani limamin coci, na ba jikokinsa har suka haddace suna gyara mini in na rage wani abu. Wata mata ta sa na tsaya a gefen titi don dariya ta shaƙe ta. Da fari ina yi ina gumi. Daga baya na lura mutane na neman a rage musu hanya ko da ba hanyarsu ba ce, shi kuwa Dokta yana baya yana gyara zama kamar shi ya rubuta.

Ranar da ya ajiye aiki, na kai shi filin jirgi zai koma wurin 'yarsa. Babu kowa a motar sai mu biyu. Ya ce in ba shi sau ɗaya, shi kaɗai. Na bayar tun daga cunkoson motoci har zuwa leda. A ranar na fara jin dariyarsa a kan maganar, har da share hawaye. Da zai fita ya dafa kafaɗata ya ce, “Shi ke nan, Malam. Ka biya.”

Abin da na koya bai da yawa. Gado gaskiya ne, amma a hannu yake zama, ba ya biyo jini ya hau jirgi. Yanzu in ana zance aka zo kan abin da kakannina suka iya, nakan ce Allah Ya jiƙansu, in ja bakina in tsuke.