Yadda Za Ka Cakuɗa Tankokin Kamfani Uku a Tebur Ɗaya

Idan ka bi matakan nan sau da ƙafa, na yi maka alkawari za ka jera ƙananan tankokin wasan yaƙi na kamfanoni daban-daban a tebur ɗaya, wata kamar ƙwaro wata kamar bulo, kuma ba wanda zai faɗa maka baƙar magana a gaban idonka. Ba ni na ƙago dabarun ba. Na koye su ne wajen kallon Kuwabara, wani likitan haƙori mai ritaya da muke ƙungiya ɗaya da shi a ɗakin da ke saman shagon taliya a nan birnin Shizuoka. Dokar ƙungiyarmu ɗaya ce: kowace mota, kowane soja, kowane gida a kan tebur ya zama kashi ɗaya cikin saba'in da biyu na girman na gaske. Kuwabara ya ji dokar, ya sunkuya ya yi godiya, ya ci gaba da harkarsa.

Mataki na 1: Gaskata kwali

Kada ka taɓa gwada abin da ka sayo da wanda kake da shi a gida. Karanta lambar da ke jikin kwali, ka riƙe ta kamar wasiyyar mahaifinka. Wani kamfani yana kumbura motocinsa don su yi kyau a hoto, wani yana tsuke nasa don roba ta isa, wannan ba damuwarka ba ce. Wata Lahadi Kuwabara ya zo mana da motar ɗaukar sojoji da ta fi tankarsa girma, da direban da in ya miƙe zai leƙa tagar bene. Muka zuba musu ido. Sai ya ɗaga kwalayen uku sama ya ce kowa ya duba, lamba ɗaya ce. Kai ma haka za ka yi.

Mataki na 2: Raba su

Manya a gabanka, ƙanana can ƙarshen tebur. In an tambaya, ka ce nisa ne ya ƙanƙantar da su. Abin baƙin ciki, a wasan nan motoci tafiya suke yi, dole wata rana babba da ƙarama su tsaya kafaɗa da kafaɗa. Da ka ga sun kusa haɗuwa, buɗe ledar biskit ɗin shinkafa ka zagaya da ita. Masana sun tabbatar cewa mutum ba ya iya taunar abinka kuma yana zarginka a lokaci ɗaya.

Mataki na 3: Ƙirƙiro tarihi

Akwai wanda biskit ba ya rufe wa baki. Namu shi ne Shugaba Oginome, tsohon da ya kafa ƙungiyar, mutumin da ke yi wa maɓallin rigar soja fenti da gashi guda. Ya ɗauki ƙaramar tankar Kuwabara, ya jera ta da soja ɗaya.

"Kuwabara-san, ta ina wannan bawan Allah zai shiga? Kansa ya fi ƙofar faɗi."

"Shugaba, ai a ƙarshen yaƙi ƙarfe ya yi wuya. Matse tankokin aka riƙa yi."

"Sojojin fa?"

"Su ba a samu lokacin matse su ba."

Lura da yadda Kuwabara bai yi dariya ba. Wannan shi ne ginshiƙin aikin.

Mataki na 4: Tsani rula

Duk wanda ya zaro rula, kalle shi kamar ya shigo ɗaki da takalmi. Ce masa kai mai fasaha ne, ba tela ba.

Mataki na 5: Ci riba

Ga dalilin duk wahalar. Dokar wasan ita ce tanka tana harbin abin da take iya gani kawai, ana sunkuyawa a duba da ido daga bakin bindigarta. To, ƙaramarka ta ɓuya bayan shingen da ko akuya ba zai ɓoye ba, babbar kuma ta hango abokin gaba ta saman rufin gida. Da wannan Kuwabara ya riƙa cinye mu ɗaya bayan ɗaya. Da yake shi ke ci, mu kuma kunya ta hana mu magana, shi muka zaɓa ya ja rundunarmu ranar karawa da ƙungiyar birnin Hamamatsu. Ƙungiyar da ta ci ita za ta samu teburin gaba-gaba a baje kolin shekara. Oginome ya daɗe yana burin teburin nan kafin ya sauka daga shugabanci, har ya kwashe sanyin bana kaf yana haɗa gadar katako da 'yan tsinkaye, kowane katakon gefe daidai awo, don ita za a fara gani in an shigo.

Mataki na 6: In ta ƙi shiga, tura

Jagorar baƙin wata mata ce mai suna Uesaka. Ta dubi rundunar Kuwabara sau ɗaya, ta yaba fentin kawai. Da aka fara, sai ta janye tankokinta duka zuwa hayin kogin da ya ratsa teburin. Hanya ɗaya ta rage mana, gadar Oginome da aka ɗora a kan kogin. Kuwabara kuwa babbar tankarsa ya sa a gaba, kamar kullum.

Ta isa bakin gada ta tsaya. Ta fi gadar faɗi, ko makaho zai ji da hannu. Na raɗa masa ya koma da ita baya, ƙananan su wuce. Ya ce min babban kwamanda ba ya ja da baya a gaban baƙi. Ya karkata ta, ya juya ta, sannan ya sa babban yatsa ya danna. Ƙarar ba ta fi ta karyewar tsinken sakace ba, amma duk ɗakin an ji. Gefen gadar ya zube cikin kogi, tankar ta maƙale a tsakiya, sauran rundunarmu suka yi layi a bayanta. Uesaka ta riƙa jefa ɗan ludo tana ɗauke su ɗaya-ɗaya, kowace ta ɗauke sai ta ce a yi haƙuri.

Da aka gama ta sunkuya wa Kuwabara.

"Kyakkyawar tanka ce. Da fatan wata rana a gina mata gadarta."

Oginome ya matso bakin tebur. Ya shimfiɗa hankicinsa, ya tsince 'yan tsinkayen daga kogin, ya naɗe, ya sa a aljihun ƙirji. Ya raka baƙin har ƙasa, ya gode musu da zuwa.

Mataki na 7: Karɓi hukunci a matsayin girma

Kada ka ji tsoron kora, mu nan ba ma korar mutum. Mun zauna, mun sha shayi, muka sanar da Kuwabara cewa ƙwarewarsa ta wuce tankoki, daga yau shi ne mai kula da bishiyoyin tebur. Bishiya dai ba ta da awo, babba da ƙarama duk bishiya ce. Ya tashi tsaye ya yi jawabin godiya. Lahadin da ta biyo baya ya hau matakala yana haki, rungume da 'yar bishiyar tukunya ta gaske wadda matarsa ta yi shekaru tana reno a baranda, ya dasa ta tsakiyar filin daga. Ba wanda ya ga tankar kowa ranar.

Sanarwa

Marubucin nan ba shi da hannu a duk gadar da ta karye, ko teburin da ya suɓuce, ko abin da matarka za ta yi maka in ta leƙa baranda. Shawara ya bayar, yatsan da ya danna naka ne. In kuma wata Lahadi ka ga Shugaba Oginome a bakin teku yana kamun kifi shi kaɗai a lokacin da muke wasa, gaishe shi da ladabi ka wuce, kada ka ce ni na koya maka.